Gado Na Bakwai

Gadarif, damina ta yi nisa.
Baƙar laka ta biyo mu har ɗakin maza,
a tafin takalmi, a gindin farar riga.
Wuta ta ɗauke tun la'asar,
janareta na tari kamar shi ma a ba shi gado.

Gado na bakwai, Malam Barau,
manomin riɗi daga bakin Rahad.
Saifa ta kumbura, jijiya ta ɓuya
ƙarƙashin fatar da rana ta jeme shekara sittin.
Ikhlas ta soka, ba jini.
Ta sake, ba jini.
Watanta uku da fara aiki.

Ni kuwa awa goma sha huɗu ina tsaye,
shayin safe kaɗai ne a cikina.
Na fizge allurar daga hannunta,
na ce, da muryar da ta kai baranda:
"Wa ya ba ki takarda? Matsa, ba ki iya komai ba."
Na soka, jini ya amsa,
na wuce ina jin kaina gwana.

Ba ta ce uffan ba.
Ta tsince audugar da na watsar.

Sha biyun dare aka kira ni ɗakin gaggawa,
mota ta kife da 'yan ƙodago.
Sai uku saura na dawo.
Ruwan magani na rataye, bai ragu ba,
allurar ta goce tun ɗazu,
tsoho ya cusa hannuwansa cikin jallabiya
kamar mai ɓoye kuɗi a tasha.

Ammu Sabil, mai tura gado, ya tare ni:
"Sau huɗu ta zo, sau huɗu ya ƙi.
Ya ce babbarku ta faɗa a kunnena,
ni ba gonar gwaji ba ne."

Awa uku magani bai shiga ba.
Maganin da muka yi wata biyu muna roƙo.
Bututun lafiyarsa ƙalau,
harshena ne ya toshe shi.

Na same ta a bayan ɗakin magani
tana wanke hannun da ba shi da datti.
Na buɗe baki zan ba da haƙuri a nan,
inda babu ido, inda yake da araha.
Sabil ya wuce da gadonsa mai ƙara,
bai ko dube ni ba:
"A kasuwa kika cire mata ɗankwali,
a lungu za ki mayar?"

Muka koma gado na bakwai.
Na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ɗazu,
har na gado na tara ya farka.
"Malam, abin da na faɗa ba gaskiya ba ne.
Gajiya ce ta ari bakina,
ni kuma na ba ta aro.
A shekarata ta fari sau biyar na soki wani yaro,
wadda ke kaina ta riƙe mini fitila
har na samu, ba ta ce mini komai ba."

Ya dube ni, ya dube ta.
Can ya zaro hannu ɗaya.
Na kunna fitilar wayata, na riƙe.
Ta soka, ba jini.
Na cije leɓe, na gyara hasken.
Ta sake.
Ja ya hau bututu a hankali.

Da gari ya waye, wajen mai shayin bakin ƙofa,
ba ta ce ta yafe ba.
Ta dai turo mini gwangwanin sukari.

A littafin miƙa aiki na rubuta:
Gado na bakwai, magani ya makara awa uku.
A gurbin dalili
na sa sunana.